Rabin Bikin Azara

Da sunan Allah nake ɗorawa daga inda na tsaya. Wannan babin ban yi niyyar rubuta shi ba, Rahinatu ce ta ja. An zo an gaya mini cewa a wajen sadakar bakwai ɗin tsohuwar nan ta Kalpohin, Mma Azara ta miƙo miki hannu, kika yi kamar kina gyara mayafi. Ke Rahinatu, matar da ta goya ki tun cibiyarki ba ta faɗi ba? Wallahi da ina wurin da na mare ki, ko da 'ya'yanki na kallo. Na san abin da kuke faɗa tsakaninku ku uku, wai ƙawar Mma ta ga Mma ta yi gini, hassada ta hana ta taka gidanmu. To ku karkaɗe kunne, don ba zan sake maimaitawa ba.

Ku 'yan zamani kun ɗauka biki shi ne kiɗa da shinkafa. A wurinmu biki alkawari ne tsakanin mata biyu. Abin da ƙawarki ta kawo miki ranar sunanki ko auren 'yarki, idan nata ya zo sai ki mayar mata ninkinsa, kuma ba a ɓoye ba, a tsakar gida, maroƙiya na ƙirgawa tana shela. Ni da Azara mun fara ne da kuɗin sabulu ranar sunanki, Rahinatu. Na ninka mata a sunan ɗanta na fari, ta ninka mini a na Fuseini, haka abin ya yi ta hawa. A al'ada idan ya yi nauyi sai ƙawayen su je gaban magajiyar mata su zauna a yanke shi, a koma ƙasa a sake farawa, babu wanda zai ji kunya. Mu ba mu taɓa zuwa ba. So ne ya hana mu, da kuma ɗan jin kai, don duk Dabokpa an san bikin Memuna da Azara, har akwai matan da ke zuwa taronmu don kawai su ji ƙirgen. Abu ɗaya ne ba a yi: ki mayar wa mace daidai abin da ta ba ki, babu ƙari, ba tare da an zauna ba. Ma'anarsa ɗaya ce, kin sallame ta.

A aurenki, Rahinatu, na yi abin da ya fi ƙarfina. Ban ce laifinki ba ne, ni na so. Shinkafar da aka dafa, da wadda na sayar na sayi kayan ɗaki da kuɗinta, duk a wajen Alhaji mai shinkafa na kasuwar Aboabo na ɗauko, mutumin da na yi shekaru ina sayen kayan waache, wato shinkafa da waken da nake sayarwa, a hannunsa. Ranar taron Azara ta zo da kuɗi sidi dubu biyu. Maroƙiya ta ɗaga kuɗin sama, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na yi ta kuka don daɗi. Kafin a gama mayar da kujerun haya kuɗin nan sun bi ruwa. Na wayi gari da bashin Alhaji a wuyana, da kuma dubu huɗun Azara da ke jirana duk ranar da autarta Sanatu ta sami miji. Wannan na biyun babu mai kiransa bashi, amma ya fi na Alhaji hana ni sakat.

Sai shekarar ta zo da nata. Idon babanku ya yi hazo, mai motar da yake tuƙawa ya karɓe makullinsa. Mai gidan da muke haya ya ƙara kuɗi, ya ce kuma na shekara biyu yake so a dunƙule in wa'adinmu ya cika. Ana cikin haka sai ga saƙo daga Gumani. Kun san filin da babanku ya saya tun yana kan titi, wanda muka bari ciyawa na cinsa. Dattijon da ke kula da rabon filaye a can ya aiko cewa gari ya iso wurin, masu nema sun yi yawa, duk wanda bai sa harsashin gini ba kafin ruwan farko, za a ba wani. Ba barazana ba ce, mun ga waɗanda aka yi wa, an mayar musu da ɗan abin da suka biya tun kuɗi na da daraja, abin da ba zai sayi ƙofa ba yanzu. Filin nan shi kaɗai muka mallaka a duniya. In ya tafi, to a ɗakin haya za a yi mana wanka.

Na je wajen Alhaji na durƙusa na gaya masa gaskiya. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi nasa hanjin ya fara murɗawa. Muka shirya cewa kowace Juma'a zan kai masa wani abu, kuma daga ranar ba zan sake ɗaukar ko ƙwaya ba sai da kuɗi a hannu. Na dawo gida na samo gwangwanin madara uku. Duk yamma idan na kwashe teburin waache na cire uwar kuɗi, sai in raba ribar, ɗaya na tukunyar gida, ɗaya na Alhaji, ɗaya na Gumani. Na tukunya shi ne ƙarami, kuma kun ji a jikinku. Fuseini, kai ne ka tambaye ni ko nama ya yi hijira daga Tamale. Sadiya ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba saboda takalmin Sallah. Babanku kuwa, da na rage masa goro na hana shi shayin mai shayi, ya ce ya auri mace ya wayi gari da jami'in haraji. Ni kaina na daina hawa keken hayan nan yelo-yelo, da ƙafa nake zuwa kasuwa da sassafe, sai a dawowa da kaya. Na daina sayen yayi. Duk auren da aka fitar da atamfar da kowa zai ɗinka, sai in je da tsohon leshina ruwan ƙasa, in zauna cikin mata kamar baƙar tunkiya a garken farare. An yi da ni. Na ji wata tana cewa Memuna ta shiga ɗariƙar marowata.

Abin da na gano a watannin nan shi ne kuɗi na da ƙafa. In suna cikin gwangwani, sai ƙanin babanku ya zo da maganar asibiti, ko maƙwabciya ta zo da kuka, kuma ni ban iya cewa babu alhali akwai ba. Don haka duk Asabar sai in kwashi na Gumani in kai wa mai buga bulo, ya buga mini ko guda nawa ne, ya jera a filin. Ba wanda ya taɓa zuwa aron bulo. Sai dai bulo kaɗai ba ya zama harsashi, ana bukatar siminti da yashi da rodi da kuɗin birkila, kuma waɗannan a dunƙule ake biya. Saboda su na shiga susu, wato adashi, mai karɓa na zuwa teburina kullum. Lissafina shi ne in kwashe bayan azumi. Da abin da zan kwasa, da 'yan kunnena na zinariya da na sayar, zai kama dubu huɗu. Birkila ya ce dubu biyu za su fitar da harsashin ɗaki biyu daga ƙasa. Sauran na ce zan rage wa Alhaji, in sami numfashi.

Ana saura kwanaki a fara azumi Azara ta zo teburina da rana, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. An sa ranar Sanatu, mako biyu bayan ƙaramar Sallah. Na rungume ta, na yi guɗa, masu cin waache suka taya mu murna. Amma a raina dubu huɗun nan nake ƙirgawa.

Na ce zan je in same ta mu tafi wajen magajiya a yanke bikin. Na je kuwa. Tun daga ƙofa ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ta ɗaga labule. Katifa ce sabuwa a cikin leda, da kabad, da murhun gas, da tukwane jere har rufi. Kun san sana'arta, ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, da ruwan sanyi, duk daga babbar firizar nan da mijinta ya bar mata. Ta ce wani mai shago ne ya ba ta kayan, za ta biya bayan biki, firizar ce ta sa jingina. Na tambaye ta ba ta jin tsoro? Ta yi dariya ta dafa kafaɗata.

"Tsoron me, Memuna? Naki na nan tafe. Shi ya sa nake barci har da minshari."

Na sha ruwan da ta ba ni, na yaba kayan, na fito ban tayar da maganar magajiya ba.

Azumin nan ban san yadda na yi shi ba. Kullum da la'asar hadari na haɗuwa ta gabas yana watsewa, ni kuma ina kallonsa kamar mai kallon ɗan sanda. Na zagaya neman rance. Alhaji ya ce in biya na baya tukuna. Mai susu ya ce ba ya ba da kuɗin mutane. Na aika wa dattijon Gumani da goro a roƙe shi ya ƙara mana wata biyu, ya ce shi ma matsa masa ake yi, akwai mai shirin gina gidan haya da ke zuwa masa da kuɗi a jaka. Na yi lissafi ta gaba, na yi ta baya. Ko na hana Alhaji nasa, dubu huɗu ba za su zama shida ba. In na ba Azara cikakken bikinta, fili ya tafi. In na sa harsashi, abin da zai rage shi ne dubu biyu, daidai abin da ta ba ni, babu ƙari.

Babanku ne ya fara ganewa. Wata rana bayan shan ruwa ya ce in zauna. Kun san Hausarsa ta Dagomba, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Mman Rahi, Azara ya tsaya miki ranar da babu kowa. Ki ba shi kuɗinsa. Ƙasa na Allah ne."

"Ƙasa ta Allah ce, amma haya ta mai gida ce. In ya watso mana kaya waje, ɗakin Azara za mu koma mu huɗu?"

"Za ki iya haɗa ido da shi?"

"Zan iya haɗa ido da ita. Da 'ya'yana ne ba zan iya ba, in na mutu na bar su a tsakar gidan wani."

Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in je in gaya mata da bakina kafin ranar. Wannan kam ya yi gaskiya.

Na koma bayan Sallah da kwana biyu. Na same ta a tsakar gida cikin mata ana tankaɗen gari. Na ja ta gefe, bayan firizar, na ce mata Azara, abin da zan iya kawowa dubu biyu ne, filin Gumani zai salwanta, ki yafe mini, sauran zan cika miki in Allah ya hore. Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ku kun san ni da tsokana, shekara talatin ina ja mata rai kafin kowane biki, in ce mata bana ba ni da ko sisi, ranar kuma in zo da ninki har da turare a kai. Na rantse mata. Ta ce rantsuwar ma ta saba ji. Aka kira ta daga cikin gida, ta tafi tana share hawayen dariya, tana ce wa matan Memuna ta fara halin nata. Na tsaya a wurin ina jin ƙugin firizar. Da na bi ta na kama zanenta har sai ta yarda. Ban bi ta ba. Washegari na kai wa birkila kuɗinsa, aka fara haƙa.

Ranar bikin na sa leshina ruwan ƙasa. Tsakar gidan cike take, kowa cikin yayi kore. Aka shimfiɗa tabarmar karɓar biki, Azara na zaune, maroƙiya na tsaye a kanta. Da aka zo kaina sai gidan ya yi tsit, har masu rabon abinci suka tsaya. Na durƙusa na miƙa ƙullin. Maroƙiya ta kwance, ta lashi yatsa, ta ƙirga a bayyane har dubu biyu. Ta juya ƙyallen, ta kakkaɓe shi. Ta sunkuyo ta ce mini, da kuma? Na ce ke nan. Ban faɗa da ƙarfi ba, amma Azara ta ji. Na ga lokacin da ta gane. Murmushin bai bar bakinta ba, idanun ne suka canza, suka tsaya a kaina kamar ba ta taɓa ganina ba. Matan da ke kusa sun fara matsowa, wata har ta buɗe baki. Da maroƙiya ta yi shelar dubu biyu, da na gama yawo a Dabokpa. Ba wadda za ta sake ƙulla komai da ni, kuma Sadiya da ke tafe da na yi mata aure a gidan da babu kowa.

Azara ta ɗaga hannu ta kama zanen maroƙiyar.

"Ke kuma ba ki da haƙuri. Rabin ta kawo mini ɗaki tun shekaranjiya, da shi na biya masu girki. Faɗi dubu huɗu."

Maroƙiya ta daka tsalle ta ce dubu huɗu daga Memuna, ƙawar da ba ta ba da kunya. Guɗa ta tashi. Aka ja ni tsakiyar fili, aka yi mini liƙi a goshi, na yi rawa. Ke Rahinatu kina cikin masu tafi. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na rawar nan ba.

Ruwan farko ya sauka kwana kaɗan bayan haka, ya sami harsashinmu ya fito daga ƙasa. Na tsaya a cikin ruwan ina dubansa, na gode wa Allah, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Mai shago ya jira Azara wata biyu. Abin da ta tara a bikin bai kai ba, don wasu ma sun gaza. Ran nan ina teburina sai ga firizar an ɗaure ta a bayan babur mai ɗaukar kaya, an bi da ita ta gabana. Azara ta koma saro ƙanƙara a wajen wasu tana sayarwa a kula, mace mai jikoki tana yawo a tashar mota da kaya a ka. Ba ta gaya wa kowa dalili ba, ko 'ya'yanta. In mun haɗu a taro mukan gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya yara. Na aika mata waache sau biyu, ta karɓa ta aiko da godiya, kwanon ya dawo a wanke da ƙanƙara a ciki, don kada ya zama ta ci nawa a banza.

Gwangwanayen nan uku ban ajiye su ba. Na gama da Alhaji a shekara ta biyu, ranar har ya ba ni mudun shinkafa kyauta, ya ce bai taɓa zaton zai ga ƙarshen kuɗinsa ba. Da gwangwaninsa ya zama fanko sai na mayar da shi na kwanon rufi. Muka tare a Gumani babu filasta, babu wuta, taga ɗaya da buhu muka toshe ta. A nan babanku ya cika, a ɗakinsa, ba wanda ya zo ya ce a yi sauri a fitar da gawa masu haya na jin tsoro. A nan aka ɗaura auren Sadiya. Kada wani ya ce muku na yi nadamar ginin nan. Ko yau aka mayar da ni wancan azumin, birkila zan kai wa kuɗin. Amma ku sani rabin harsashin da kuke takawa da firizar Azara aka zuba shi, kuma sunan da nake da shi a cikin mata, wanda kuke tinƙaho da shi, ita ta saya mini da bakinta.

Bayan rufi, gwangwanin ya koma na Azara. Ban gaya wa kowa ba. Na tara dubu biyun, na ƙara da abin da zai sayi firiza ko ta hannu ce, don kuɗi sun riga sun lalace. Na zaɓi ranar Laraba da hantsi, lokacin da na san gidan ba kowa. Na same ta tana wanke kula. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kofin baƙi. Na ajiye ƙullin a gabanta, na ce ga sauran bikin Sanatu, na san ya makara. Ba ta taɓa shi ba. Ta ci gaba da goge murfin kular har ya bushe, sannan ta ɗago.

"Memuna, na faɗa a gaban mata sama da ɗari cewa kin biya. In na karɓi wannan, na zama maƙaryaciya."

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Ɗauki abinki."

Na yi kuka, na roƙe ta da Allah da Annabi, na roƙe ta da kabarin iyayenmu. Ta ce ta yafe tun ranar, ba ta riƙe ni da komai ba, in daina ɓata hawayena. Ta tambayi ciwon gwiwata, ta ce in riƙa shafa man kaɗe da zafinsa. Da na miƙe sai ta ɗauki ƙullin da kanta ta sa mini a jaka, ta ja zif ɗin. Ta yafa mayafi ta raka ni har bakin titi, ta tsaya sai da na sami yelo-yelo, ta ce in gaida gida.

Shekara talatin ina shiga gidan nan ina fita, ba ta taɓa raka ni ba sai ranar. Ba a raka ɗan gida.